'Yata na son karatun kwamfuta a SS1, sai na saya mata laptop?

Tela daga Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. 'Yata ta biyu ta shiga SS1 bana, ajin kimiyya, kuma ta kafe kan cewa manhajar waya take son iya ƙirƙira. A makarantarsu a allo ake darasin kwamfuta. Na buɗe littafinta, shafi bayan shafi ma'anar CPU da RAM ne, sai tarihin abakus. Ɗakin kwamfuta akwai, amma sai ranar da aka kawo wuta. Ni keken ɗinki na sani. Shin dole ne in sayo mata laptop yanzu? Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga kuɗin makarantar ƙannenta. Sannan wane darasi ne ba za ta yi wasa da shi ba idan jami'a take nufi?

Malamin kwamfuta, Daura:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya ta. Kada ka ci bashi saboda laptop tukuna.

Abu biyu mutane ke cakuɗawa. Akwai iya amfani da kwamfuta, wato buga takarda a Word ko haɗa lissafi a Excel, wannan ko a shagon buga takardu za ta koya cikin hutu ɗaya. Akwai kuma iya ba kwamfuta umarni, wanda shi 'yarka take so, kuma shi da biro da takarda ake fara shi.

Aikin da nake fara ba ɗalibaina shi ne zakkar kuɗi. Su rubuta mataki bayan mataki: karɓi adadin kuɗin, tambayi ko shekara ta zagayo a kansu, gwada su da nisabi, in sun kai a raba da 40, in ba su kai ba a ce babu zakka. Kusan kullum sai an sami wanda ya tsallake matakin shekara. A nan darasin yake, don kwamfuta ba za ta ce masa "ka manta wani abu" ba, amsar kuskure za ta miƙo masa hankalinta kwance. Yaron da ya iya tsara matakan nan ya kama algoridim, mayar da su yaren kwamfuta na Python kuwa layi shida ne ko bakwai.

Tsarin WAEC da muka saba koyarwa da BASIC yake zuwa, yaren da aka ƙirƙira tun 1964. Ta koye shi don jarrabawa, ba laifi. Amma na aiki, Python nake ba yara, wanda ya fito a 1991 kuma har yau da shi ake cin abinci.

Ɗalibar kwamfuta, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua:

Baba, tambayarka ta biyu zan amsa. Lissafi ne, sai fiziks. A JAMB mai neman kimiyyar kwamfuta Ingilishi yake rubutawa da lissafi da fiziks, sai ɗaya daga sauran darussan kimiyya, yawanci kemistiri. A WAEC ko NECO kuma kiredit biyar ake nema, har da Ingilishi da lissafi. Na san waɗanda suka ci darasin kwamfuta da kyau a sakandare amma lissafi ya hana su shiga. Haka abin yake a nan, haka a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, haka a kwalejin Hassan Usman.

In akwai wayar Android a gidan, a sauke mata manhajar Pydroid 3. Da zarar an sauke ba ya bukatar data, Python za ta riƙa rubutawa tana ganin sakamako nan take. Kuma ta dage da Ingilishi, don duk kuskuren da ta yi da Turanci kwamfuta za ta gaya mata.

Mai gyaran waya da kwamfuta, Katsina:

Malam na Daura ya yi gaskiya, amma ban yarda da shi duka ba. Rubuta shiri a waya wahala ce, babban yatsa biyu da ɗan ƙaramin gilashi, layi talatin yarinya ta gaji. Kuma Alhaji ka san wayar da ke da Pydroid ita ce ke da TikTok. Tun 2015 JAMB a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, yaran da ba su saba da linzamin kwamfuta (mouse) ba sai ka ga hannunsu na rawa ranar jarrabawa.

Laptop ɗin ba sai sabuwa ba. Ta hannu ta isa, in dai RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ya kai 8GB kuma tana da SSD, wato ma'ajiya mai sauri. Abin da za ka fi dubawa batir ne, saboda yanayin wutarmu. A cire caja a gabanka, ka zauna ka ga yadda cajin ke sauka kafin ka biya. Kada kyan murfi ya ruɗe ka.

Tela daga Ƙofar Marusa, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Malam, in na ba ta wayar mahaifiyarta zuwa ƙarshen zango, ta yaya ni da ban iya ba zan gane da gaske take?

Malamin kwamfuta, Daura:

Ka ba ta aikin shagonka. Ta rubuta shirin da za a shigar da sunan mai ɗinki, kuɗin aiki da kafin alƙalamin da ya bayar, ya fitar da ragowar da ake bin sa. Kai ka san amsar da ka, ba za ta iya yi maka rufa-rufa ba. Ka gwada ta da wanda ya biya fiye da kuɗin ɗinkin, ka ga ko shirin zai ce a ba shi canji. In ta gyara wannan da kanta, ka je wurin mai gyaran nan ku duba batir.