Furanni masu daɗewa daga iri a cikin tukwane: me ke hana su fure?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan furanni masu daɗewa, wato waɗanda ke sake tofo shekara bayan shekara. Na shuka irin lavender, echinacea da lupin a tukwane. Lavender bai fito ba sam, wasu ƙananan tsiron echinacea sun faɗi daga gindi kamar an tsinke su, waɗanda suka rayu kuma sai ganye suke yi, babu alamar fure. Irin ne ba shi da kyau, ko tukunya ce ba ta dace da su ba?

Tsohon Mai Lambu:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki yi saurin ɗora wa irin laifi. Lavender da echinacea sun fito ne daga ƙasashen da ake hunturu, kuma ƙwayar irinsu takan fi tsirowa idan ta sha sanyi mai danshi tukuna. Ki zuba irin a cikin yashi mai ɗan danshi, ki ɗaure a leda, ki ajiye a firji, ba wurin ƙanƙara ba, na mako 4 zuwa 6, sannan ki shuka. Irin lavender yana son haske, don haka a danna shi a saman ƙasa kawai, kada a binne.

Tsiron da ke faɗuwa kuwa funfuna ce ke cin sa a daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. Idan kin duba da kyau za ki ga wurin ya sirance ya yi duhu. Yawan ruwa da rashin iska ne ke jawo ta. A huda gindin tukunyar, a gauraya takin da ya ruɓe sarai da yashi, domin ƙasar lambu zalla takan dunƙule a tukunya ta hana saiwa numfashi, kuma kada a ƙara ruwa sai saman ƙasar ya fara bushewa.

Mai Son Furanni:
Hajiya, rashin furen ba matsala ba ce. Yawancin waɗannan furanni sukan ƙare shekararsu ta farko wajen kafa saiwa, echinacea kuma sau da yawa sai a shekara ta biyu take fure. Abin da na fi jiye miki shi ne ki ƙara taki mai yawan nitirojin don ki gaggauta ta, domin ganye kawai zai ƙara. Idan kina son ganin fure da wuri, gaillardia takan yi tun a shekarar da aka shuka ta.

Tsohon Mai Lambu:
Gaskiya ne, malama, sai dai batun tukunyar ma yana da hujja, musamman ga lupin. Saiwarsa doguwa ce mai nutsawa ƙasa kai tsaye, ba ta son dashe, saboda haka a shuka shi tun farko a tukunya mai zurfin aƙalla santimita 30. Ɓawon irinsa yana da tauri: a ɗan goge shi da sanfefa, a jiƙa shi kwana ɗaya kafin shuka.

Mai Tambaya:
Na gode ƙwarai. Echinacea ɗin zan bar ta a inda take, lupin kuma zan sake shuka irinsa a tukunya mai zurfi.