Shawarwarin da suka fito daga muhawarar ta'addanci da kafirta mutane

Muhawarar da aka yi kan ta'addanci da kafirta mutane ta yi zafi wallahi, amma ga abin da na tsinta daga bakin masu hankali a cikinta.

Kusan kowa ya yarda cewa kafirta mutum ba aikin kowa da kowa ba ne, an kawo hadisin Usama bin Zaid da ya kashe mutumin da ya ce la'ilaha illallahu a fagen yaƙi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, to ina ga mu da muke yanke wa mutum hukunci saboda gajeren bidiyo ɗaya da aka gutsure. Boko Haram ma da kafirtawa suka fara kafin bindiga, har ya kai ga bam a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, sama da mutum 100 suka rasu ana sallah.

Wasu sun ja kunne cewa kar a ɗora laifin 'yan ta'adda kan addini gaba ɗaya, mu ma Musulmi kar mu yi wa Kirista kuɗin goro, wanda aka kashe a cocin Madalla da ke jihar Neja ranar Kirsimetin 2011 rai ne. An tuna da Liman Abubakar Abdullahi na Barikin Ladi da ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa a 2018.

Sauran kuma suka ce, in ka ga ƙaninka ya fara ƙin bin kowane liman yana zagin malamai, kar a kore shi daga gida, a kai shi wurin malamin da zai zauna da shi da hujja tun da wuri.