Wa ya taɓa shiga gidan tarihin Manila?

Sabon_Ɗalibi: Salamu alaikum ƴan uwa, wata na uku kenan da zuwa Manila, babban birnin Philippines, karatun nas, daga aji sai ɗaki, ban san komai na ƙasar nan ba wallahi. Ina so ran Asabar in leƙa gidan tarihinsu na wajen Rizal Park, don Allah nawa ake biya, kuma yini ɗaya zai isa?

Yaya_Babba: Wa alaikumus salam ƙanena, ko sisi ba za ka biya ba, tun 2016 suka mai da shi kyauta. Sai dai gini uku ne kusa da juna, na zane-zane, na al'adu, da na dabbobi da tsirrai. Hau jirgin ƙasa na LRT ka sauka tashar United Nations ka ƙarasa da ƙafa. Kar ka ɗau babbar jaka, a ƙofa za ka ajiye ta. In ka shiga na zane ka tsaya gaban zanen Spoliarium na mai zane Juan Luna, wanda ya ci lambar zinare a Madrid a 1884, faɗinsa ya haura mita 7.

Maman_Ƴanbiyu: Ni dai na dabbobin ya fi tsaya min a rai, a 2018 aka buɗe shi. Akwai wani kada Lolong da aka kama a lardin Agusan del Sur a 2011, tsawonsa mita 6.17, ya mutu a 2013 shine suka rataye ƙasusuwansa a silin, yarana na ɗaga kai suka gan shi sai suka ƙanƙame min zani, ni kaina sai da na ce subhanallah, haƙoran kawai abin kallo ne.

Ɗan_Zangon_Kumasi: Malam fara da na al'adu tun da safe kafin ka gaji. Akwai ɓangaren Musulmin kudu, ƙabilun Maranao da Tausug da Maguindanao, kayan tagulla da takubba da saƙa, na daɗe a wurin don kafin nan na ɗauka ƙasar duk Kiristoci ne. Ka nemi tulun Manunggul daga Palawan, wanda a da ake zuba ƙashin mamaci a ciki, a kan murfin mutum biyu ne cikin kwalekwale, aikin hannu ne mai ban mamaki. Yini ɗaya ga uku gaskiya ƙafa za ta gaya maka, biyu sun isa. Azahar kuma ka wuce Masallacin Zinare na Quiapo, akwai abincin halal a kewayensa.

Sabon_Ɗalibi: Allah ya saka da alheri, na al'adu da na kadan zan yi wannan Asabar in sha Allah, na zane sai wani makon.