Zaman ma'aurata ta bidiyo: waya ɗaya ko biyu?

Ɗaliba: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin ba ma'aurata shawara, an fara ba ni zama ta Zoom. Mijin ne ke riƙe wayar, matar sai gefen mayafinta nake gani. In ce kowa ya shigo da tasa?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun korona a 2020 nake wannan fama. Ni na fi son su jingina waya ɗaya a nesa kaɗan, in ga fuska da hannaye. Wanda ya kau da kai, wanda ya matsa gefe, a nan rabin maganar take. Amma kafin nan ki gana da kowa shi kaɗai, ki tambayi matar ko akwai duka ko tsoro. In akwai, babu zaman haɗaka.

Mai horarwa: Ki riƙa tambayar adireshin da suke zaune, da wanda ke bayan ƙofa. A da muna kallon ɗalibi ta madubi mai gani gefe ɗaya, irin na zamanin Minuchin, sanannen masanin ba iyali shawara. Yanzu nakan shiga zaman bidiyon da izinin ma'auratan, in kashe kyamara, in rubuto wa ɗalibi gyara.

Ɗaliba: Na gode. Malam, in intanet ta yanke ana tsakiyar rigima fa?