"Da tsohuwar zuma ake magani": ta dace da aminin ƙuruciya?

Ɗan Bilbis: Assalamu alaikum jama'a. Aminina na ƙuruciya zai cika shekara 60, 'ya'yansa sun shirya masa walima nan Tawa, sun ce ni zan yi magana bayan addu'a. Takardun haihuwarmu "wajen 1965" kawai suka ce, don haka yaran ne suka zaɓi ranar. Tare muka yi makarantar allo, tare aka sa mu lakwal. A 1975 da aka yi kokowar takobi ta farko a garin nan, riƙe da hannun juna muka kutsa tsakanin ƙafafun manya har muka kai gaba. Ina so in buɗe da "da tsohuwar zuma ake magani". Ta zauna?

Mushe mai ritaya: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina ba ta zauna ba. Maganar gwaninta ce. Ana faɗinta idan sabbin hannu sun kasa, aka koma wurin tsohon hannu, kamar ungozoma ko tsohon makaniki. Ina ruwanta da abota? Kuma a gaban surukansa za ka ce masa tsoho?

Hajiya ta Wadata: Haba Mushe, mai jikoki zai ji haushin tsufa? Ni tun ina yarinya nake jin ana yabon uwargida da ita. In ta hau kan uwargida, me zai hana ta hau kan amini? Sabon aboki da babbar riga ya san ka. Na ƙuruciya ya san ɗakin da aka haife ka, ya ci tuwon mahaifiyarka, in ka kauce zai ja ka gefe ya faɗa maka gaskiya ba kara. Maganin ke nan.

Ba'adaren Abijan: Hajiya, na yarda, amma a tuna an ce sabo turken wawa. Daɗewa kaɗai ba ta yin amini. Mu Adarawa bida ta watsa mu, wani Abijan, wani Legas, wani Libiya. Akwai waɗanda muka yi langa tare, yau sai barka da salla ta waya. Baba, da ni ne sai in ce "zumunta a ƙafa take".

Mushe mai ritaya: Ita kuma ta 'yan'uwan jini ce, ɗana.

Ɗan Bilbis: To Mushe, ka yi mana hukunci. Ina aiki Yamai mahaifina ya rasu. Kafin in biyo ta Doso, Dogondutsi da Konni in iso, shi ya sayo likkafani, shi ya tsaya a kan wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Na tarar da shi zaune a zaurenmu ana yi masa gaisuwa, ƙafafunsa duk ƙasar maƙabarta. Wannan ba ɗan'uwa ba ne?

Mushe mai ritaya: Allah ya jiƙan tsoho. Ɗan'uwa ne, har ya fi wasu. Wadda ta faɗa kansa daidai ita ce "abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa".

Hajiya ta Wadata: A'a, don Allah kada a ambaci mutuwa ranar farin ciki, matarsa da jikoki suna zaune. Alhaji, riƙe zumarka.

Mushe mai ritaya: Ni dai ina nan kan bakana cewa asalinta ta gwaninta ce. Amma in ka nace, kada ka buɗe da ita. Fara ba su labarin kokowar, yaran yanzu ba su san takobi daga Tawa ya tashi ba. In sun ji irin zaman da kuka yi, sannan ka kawo ta.

Ɗan Bilbis: Haka za a yi. Na gode ƙwarai. Walimar bayan la'asar ce, wanda yake Tawa ya zo a yi addu'a da shi.