Yadda ake kore magana da kalmomin "can" da "must" a Turanci

A wata tattaunawa kan kore magana a Turanci, an yi ittifaƙi kan abu ɗaya: bayan kalmomin can, will, should ko must, kalmar not ke biyowa kai tsaye, ba a sako kalmar do. "She cannot swim" daidai ne, "she doesn't can swim" kuskure.

An fi jan magana kan must. "You must not go" hani ne, kada ka je. "You don't have to go" kuwa ba dole ba ne, in ka ga dama ka je. A ganina nan ya kamata mai koyo ya fi lura, domin rikita su kan juya umarnin likita baki ɗaya.

An kuma ja kunne: a daidaitaccen Turanci "I didn't see anything" ake cewa, ba nothing ba.