Motar katako ta yarinyata tana ta karkata hagu, wa ya taɓa fama da wannan?

Baban Amira:
Salam jama'a. Mun haɗa wa yarinyata irin motar nan ta Pinewood Derby, gasar tseren ƙananan motocin katako ta yara wadda aka fara a Amurka tun 1953. Nauyi ya yi daidai, giram 141 bai wuce ƙa'ida ba, amma da an sake ta a gangara sai ta ja hagu kamar ana kiranta. Wanda ya taɓa gyara irin wannan don Allah ya ba mu labari.

Malam Kafinta:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka fara zargin tayoyi tukuna, yawanci ƙusoshin da suke riƙe su ne. Ni abin da nake yi, in samu katako mai santsi in ɗan ɗaga gefe ɗaya, in ja layi a tsakiya in saki motar a hankali in ga inda za ta nufa. Sai in ɗiga alama da alƙalamin maka a kan kowace ƙusa ta gaba, in juya ɗaya kaɗan da filaya in sake gwadawa, domin ƙusar nan da kake gani miƙaƙƙiya kusan kullum tana da ɗan lanƙwasa da ido ba ya kamawa, juyawar kaɗai sai ka ga ta canza hanya. Ƙusa ɗaya a lokaci ɗaya fa, in ka taɓa biyu ba za ka san wacce ta gyara ba.

Maman Sadik:
Mu kuma ramin ƙusar ne ya zo a karkace. Baban yara ya cusa 'yar siririyar takarda a gefen ramin, shi ke nan ta miƙe. Kuma ku duba ƙasan kan ƙusar, akwai ɗan kaifi da yake cin tayar, a goge shi da samfefa kafin a zuba garin girafait mai sa tayar ta yi santsi.

Injiniya:
Ni fa ban yarda sai ta tafi sak ba. A filin tsere akwai dogon katako a tsakiyar layi da motar take bi, tayoyinta suna gefe da gefensa, mai tafiya sak ɗin nan ita ce take bugun dama ta bugi hagu tana asarar gudu. Tamu mun ɗaga tayar gaba ɗaya ba ta taɓa ƙasa, muka sa motar ta ɗan ja zuwa ɓangaren da aka ɗaga, sai ɗaya tayar ta manne da katakon har ƙarshe ba rawa. Amma ka tambayi masu shirya gasar, wasu sun ce dole taya huɗu su taɓa ƙasa.

Baban Amira:
Ikon Allah, ashe karkatar ma da amfaninta. To Injiniya in tayoyin baya ne suke gogar katakon fa?

Injiniya:
A'a wannan kam matsala ce yallaɓai. Tura ta gaba ka tura ta baya ka kalli na bayan, in ɗaya tana matsowa jikin motar a tafiyar gaba ta koma waje a ta baya, ƙusarta ce ba ta zauna daidai ba. Ita za ka fara gyarawa kafin ka koma gaba.